Shayar da jariri da tantance shi: aikin ungozoma da ma'aikatan jinya a Tawa

Taimaka wa mai jego wajen shayarwa da tantance halin da jariri yake ciki wani reshe ne na aikin ungozomar asibiti da ma'aikatan jinya, kuma ya fi ƙarfi a kwana 28 na farko bayan haihuwa. Ɓangare ɗaya shi ne tsayawa a kan mai jego har jariri ya kama nono yadda ya kamata. Ɗaya ɓangaren shi ne rarrabe jarirai, a san wanda za a ruga da shi yanzu, da wanda zai ɗan jira, da wanda za a sallama gida. Littattafan koyarwa sukan raba su babi biyu, amma a ɗakin haihuwa hannu ɗaya ke yin su, domin jariri ba shi da bakin da zai ce ga inda ke masa ciwo. Ƙin nono na daga cikin abin da yake fara nunawa.

Masu aikin da inda suke yin sa

A Nijar an fi kiran ungozomar asibiti da sunan da aka aro daga Faransanci, wato sajfam, don a bambanta ta da ungozomar gargajiya. Ita da ma'aikatan jinya suna samun horo a makarantun kiwon lafiya na gwamnati da ke Yamai da Damagaram, da kuma makarantu masu zaman kansu. A wasu ƙasashe taimakon shayarwa sana'a ce mai takardar shaida ta kanta, kuma tun 1985 aka kafa hukumar da ke ba da wannan shaida a Amurka. A jihar Tawa kuwa aikin yana wuyan wadda ta karɓi haihuwar, sau da yawa ita ce mai awon ciki, ita ce kuma mai gadin dare.

Tsarin lafiya na ƙasar hawa-hawa ne. Daga ƙaramin gidan likita na ƙauye sai cibiyar lafiya da kowa ke kira CSI, sai asibitin gunduma kamar na Birnin Ƙonni, Madawa, Illela, Keita ko Buza, sai cibiyar uwa da yaro da babban asibitin jiha a cikin garin Tawa. Akwai kuma asibitin mishan na Galmi, wanda ke aiki tun 1950. Abin da ya gagari jiha sai Yamai, inda gidan haihuwa na Issaka Gazoby yake, tafiyar fiye da kilomita 500. Wannan nisa shi ya sa tantancewa take da nauyi a nan: wadda ke CSI ɗin karkara dole ta yanke shawara da wuri, tun jariri yana da ƙarfin jure hanya. Gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sannan jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006.

Awa ta farko

Da jariri ya faɗo ana goge shi da busasshen ƙyalle, a duba ko yana numfashi. Idan bai yi kuka ba bayan an goge shi an shafa bayansa, ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a fara hura masa iska da ƴar jakar numfashi kafin minti ɗaya ya cika. Ana kuma ba shi maki a minti na 1 da na 5 bisa ma'aunin da likita Virginia Apgar ta ƙirƙiro a 1952, wanda ke duba bugun zuciya, numfashi, launin jiki, ƙarfin gaɓoɓi da yadda yake amsa taɓi, daga 0 zuwa 10.

Wanda ya yi kuka lafiya ana ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa shi ga nono cikin awa ta farko. Tsotson nan yana taimakon uwar ma, don yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Wanka kuma ana so a jinkirta shi har awa 24, abin da ba ya yi wa kakanni daɗi ko kaɗan, musamman idan sun riga sun ɗora ruwa a wuta.

Dakashi da ruwa

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma yawancinsa da baki ake yi. Dakashi, wato nonon farko mai kauri mai ɗan rawaya, kaɗan ne yake fita, amma cike yake da abubuwan da ke kare jariri daga cututtuka, kuma cikin jariri a ranar farko bai wuce ɗaukar ƴan cokula ba. A gidaje da yawa an gaji ganin dakashi a matsayin gurɓataccen nono da za a tatse a zubar, a riƙe jariri da ruwa, ko ruwan rubutu, ko madarar akuya, har farin nono ya zo. Akwai ma tsohon gwaji na jefa tururuwa cikin nonon da aka tatsa, in ta mutu a ce nonon ba shi da kyau. Sajfam ɗin da ta san aikinta ba ta tsayawa musu da wannan. Takan matso ɗigo ɗaya ta nuna wa mai jego, ta gaya mata cewa wannan shi ne rigakafin ɗanta na farko, ta kuma sa shi ya tsotsa a gaban kowa.

Maganar ruwa ta fi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ba ruwa ba komai, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Shekara biyun ba ta da gardama a ƙasar Adar, wato yankin Tawa, tunda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku. Amma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ce wa tsohuwa kada a ba jariri ruwa, sai ta dube ka kamar wanda bai san ƙishi ba. Abin da aka saba ji shi ne, "Madam, ko ɗan akuya yana shan ruwa." Amsar da ake bayarwa kuwa ita ce, "Inna, ruwan yana cikin nonon. Uwar za a ba ta sha, ya sauko masa a tace." Gaskiya ne kuma: kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Ruwan randa yana cika ɗan cikin jariri ya rage tsotso, tsotso in ya ragu nono ya ragu, ga kuma zawo da yake iya kawowa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jarirai ƴan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla a Nijar, alhali kusan kowace uwa tana shayarwa. Wannan ne ya sa yekuwar da UNICEF da abokan aikinta suka ƙaddamar a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a 2019 ta ɗora nauyinta a kan ruwa.

Wani abu da ya keɓanta da Adar shi ne yawan mazan da ke tafiya bida zuwa Abijan, Najeriya ko Libiya. Idan maigida ba ya nan, ragamar gida tana hannun uwarsa. In kuma haihuwar fari ce, yarinyar tana gidan iyayenta, ga kunyar ɗan fari da ke hana ta ko ɗaukarsa a gaban mutane. Nasihar da aka yi wa mai jego ita kaɗai, aka bar kaka a waje tana jira da kwanon kunu, ba ta kai ƙofar gida.

Kama nono

Ba a tambayar uwa ko yana sha a wuce. Ƙa'idar kula da cututtukan yara, wadda ma'aikata a Nijar suka sani da PCIME, ta ce a zauna a kalli shayarwar har minti 4. Abin da ake nema: haɓar jariri ta taɓa nono, bakinsa a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ya kewaye kan nono ya fi fitowa ta sama fiye da ta ƙasa. Kansa da jikinsa su miƙe a layi ɗaya, cikinsa ya manne da na uwarsa. Tsotso mai kyau a hankali yake, da zurfi, da ɗan hutu, wani lokaci har a ji haɗiya. Idan jariri ya kama kan nono kaɗai yana tsut-tsut, kumatunsa na lotsawa, to kan nonon uwa zai tsage, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Da yawa daga kukan "nonona bai isa ba" daga nan yake, kuma gyaransa bai wuce a zare shi a hankali a sake sa shi ba.

Jariri yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Al'ada ce ya ɗan rame a kwanakin farko, amma ya mayar da nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 zuwa 14. In nono ya zo ya cika ya yi tauri, ana koya wa uwa tatsa da hannu cikin tsabtataccen kofi. Uwa mai ɗauke da ƙwayar cutar sida kuwa, muddin tana shan maganinta, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ta shayar. Dokar ƙasa da ƙasa ta 1981 ta hana tallar madarar gwangwani a asibitoci, kuma dalilinta a fili yake a inda ruwa mai tsabta da kuɗin gwangwani na biyu ba su da tabbas.

Tantancewa

Tsarin tantance yara marasa lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005, bayan an gwada shi a Malawi, ana kiransa TETU a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Yana raba yara gida uku tun daga bakin ƙofa, cikin daƙiƙa 15 zuwa 20: na gaggawa, na gaba da layi, da masu bin layi. Duk jaririn da bai kai wata 2 ba, in an kawo shi ba lafiya, ba ya bin layi ko da alamarsa ba ta da yawa.

Alamun haɗari a jariri sun haɗa da daina shan nono, jijjiga, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, lotsawar ƙirji mai tsanani, zafin jiki, ko sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 35.5, da rashin motsi sai an taɓa shi. Ciwon shawara ma haɗari ne idan ya bayyana a yinin farko, ko ya kai tafin hannu da na ƙafa. Numfashi ana ƙirga shi minti guda cur da agogo, in ya kai 60 a sake ƙirgawa. Jaririn da ya fi ruɗar mutane shi ne mai shiru, wanda ake yaba wa haƙuri: yana ta barci, ba ya kuka, ba ya neman nono. Ma'aikaciyar da ta ji an ce "tun jiya bai dame mu ba" takan ajiye alƙalami ta buɗe zanen.

Kafin a tura shi babban asibiti ana yi masa allurar farko ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ba shi nono ko tatsattse don kada sukarin jininsa ya faɗi, a ɗaure shi a ƙirjin uwarsa don ɗumi a hanya.

Bakwaini da ƙananan jarirai

Wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne, wanda bai kai giram 2500 ba kuma mai ƙarancin nauyi. Haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba ya daidaita sai wajen mako 32 zuwa 34, saboda haka wanda bai kai nan ba ana ba shi tatsattsen nono ta siririn bututu da ke bi ta hanci ko baki zuwa ciki. Wanda ya ɗan fi ƙarfi ana ba shi da ƙaramin kofi, a jingina bakin kofin a leɓensa ya lasa da kansa, ba ɗura ba. Yawan nonon bisa nauyinsa ake lissafa shi, a ƙara kullum.

Ɗumi kuwa ana samar da shi ta goyon kangaru, dabarar da likita Edgar Rey ya fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, saboda kwalaben ɗumama jarirai ba su isa ba. Jariri yana tsirara sai hula da ɗan ƙyalle, a tsakanin nonon uwa, an ɗaure shi da zane. Ga matan da suka tashi da goyo, abin da ya canja kawai shi ne daga baya ya dawo gaba. Ba ya bukatar lantarki, kuma a daren hunturu na Disamba da Janairu yana raba jariri da sanyin da zai iya kashe shi.

Bayan sallama

Ana so uwa da jariri su yi aƙalla awa 24 a asibiti, sannan a sake duba su a kwana na 3, da tsakanin kwana 7 da 14, da mako na 6. A cikin kwanakin nan ne ake gasa cibiya, a fara ba da bauri, wato jiƙon gargajiya da ake ba jariri, wanzami ya zo cire beli, kuma kowannensu yana iya sa jariri ya daina sha. Mako na 6 ya zo kusan daidai da arba'in, don haka ya fi samun masu zuwa. Na kwana 7 kuwa yakan ci karo da ranar suna, sai a ɗaga shi zuwa kashegari.