Koyon Waƙa a Wajen Ƴaƴan Tsuntsaye

Koyon waƙa a tsuntsaye shi ne yadda ɗan tsuntsu ke sauraron manya, ya riƙe abin da ya ji, sannan ya yi ta gwadawa har ya iya. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma ba duka ne ke gadon kukan ba. Kurciya da zakara da nasu suke ƙyanƙyashewa, ko ba su taɓa jin ɗan'uwansu ba za su yi shi daidai. Masu koyo rukuni uku ne: tsuntsaye masu rera waƙa irin su kanari, da dangin aku, da wasu ƙananan masu shan ruwan fure na nahiyar Amurka.

William Thorpe na Jami'ar Kambirij ne ya fara tabbatar da haka a shekarun 1950. Ya raini ƴan tsakin wani tsuntsu mai waƙa a keɓe, inda ba sa jin kowa. Da suka girma sun yi waƙa, amma gurguwa, babu ado. Daga baya Peter Marler ya gano cewa wani ɗan tsuntsu a Kalifoniya yana da karin harshe, kowane yanki da nasa, kamar dai Sakkwatanci da Kananci.

Koyon mataki-mataki ne. Da farko ɗan tsakon sauraro kawai yake yi, galibi daga ubansa ko maƙwabta. Sai ya fara ƴan surutai ƙasa-ƙasa marasa kan gado, irin na jaririn da bai buɗe baki ba. A hankali gaɓoɓin waƙar su fito, yana yi yana gyarawa, har ta zauna. A wani ƙaramin tsuntsun Ostireliya da masana suka fi yin gwaji da shi, hakan na kammala cikin kwana 90 ko kusa da haka. Dole kuma ya riƙa jin muryar kansa. Masakazu Konishi ya nuna a 1965 cewa in aka kurmantar da shi kafin ya fara gwaji, waƙar ba ta taɓa miƙewa.

Kanari daban yake, don yakan sauya waƙarsa shekara-shekara, kuma a ƙwaƙwalwarsa ne Fernando Nottebohm ya ga sababbin ƙwayoyin jijiya na tsirowa bayan girma. Mai kiwon kanari a Agege ko Idi-Araba, da ke rataye kejin ƙarami kusa da na tsohon da ya iya rerawa, a kan ƙa'idar koyo daga manya yake tafiya ko bai san sunanta ba. Ƙaramin zai karkata kai, ya yi tsit, sai can da hantsi a ji yana ƴan gwaje-gwajensa.

Abin da ya fi ban mamaki a Najeriya yake. Akwai wani baƙin ɗan tsuntsu a tsaunukan Jos da uwarsa ke saka ƙwai a sheƙar wani jan tsuntsu. Jan tsuntsun ne Robert Payne ya bayyana wa masana a 1998. Namijin yakan tashi da waƙar mariƙinsa, macen kuma ta zaɓi mai rera waƙar gidan da ta tashi.

Hayaniyar birni ma tana taɓa waƙa. A birnin Laidin na Holan an gano a 2003 cewa tsuntsayen unguwanni masu ƙarar motoci sun fi sirantar da murya. A Legas, inda janareta da hon ɗin danfo ba sa hutawa, mai son jin waƙar da kyau sai ya yi sammako bayan sallar asuba, ko ya nufi gandun dajin Lekki.