Hanyar da ke Cikin Jijiya da Haɗarin Cizon Kare

Jijiyar da ake nufi a nan ba ta jini ba ce, ta saƙo ce, wadda ke sa mutum ya ɗage ƙafa in ya taka ƙaya. Kowace ƙwayar jijiya tana da gindi, inda ake ƙera furotin, da zare mai miƙewa. Zaren da ya taso daga ƙasan laka zuwa babban yatsan ƙafa yakan kai mita 1 a jikin babba. Yaro na girma zaren na ƙara tsawo, kuma yawancin kayan gininsa daga gindin ake aiko su.

A wani sashe na gindin da ake kira Golji ake tantance furotin, a ɗaure cikin 'yan jakunkuna, kowace da alamar inda za ta sauka, kamar buhun da aka rubuta wa suna kafin a yi lodinsa daga Katsina zuwa Daura. Cikin zaren akwai siraran bututu, su ne titin. Wasu furotin biyu ne 'yan dako a kan titin: kainesin ke kai kaya can tsinin zare, dainin kuma ya dawo da waɗanda suka tsufa. Kaya masu sauri kan ci milimita 400 a rana, amma na gini tafiyar hawainiya suke yi. Jijiyar da ta tsinke ma, kimanin milimita 1 take tohowa a rana.

To, ƙwayar cutar haukan kare wannan hanyar dawowa take hawa. Daga miyan kare ta shiga tsoka, ta kama bakin jijiya, dainin ya ɗauke ta sai laka, sai ƙwaƙwalwa. Yawanci wata 2 zuwa 3 ake yi kafin alamu su fito, wurin cizon ya warke, iyaye sun manta. Cizon fuska ko wuya ya fi gaggawa domin tafiyar gajera ce, kuma nan kare ya fi samun yara. Da zarar tsoron ruwa, wanda alama ce ta cutar, ya bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

Don Allah, ko yaƙushi ne, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15. Kada a sa barkono, toka ko ƙasa, kada a ɗaure. A kai wanda aka ciza asibiti ranar nan a fara allurar rigakafi, a kuma cika sauran a ranakun da aka rubuta. In cizon ya huda fata, akwai wata allurar da ake yi a bakin ciwon kansa; a tambayi likita.