Waiwaye: Abubakar Gimba, ma'aikacin banki mai rubuta labari

Ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ANA, tana da wata kyauta ta gajerun labarai da ta sanya wa sunan Abubakar Gimba. Matasan da ke takarar kyautar sun san sunan, wasunsu ma sun karanta littafinsa Witnesses to Tears don jarrabawar adabi, kwafi ɗaya yana yawo hannu-hannu a aji har bangon ya cire. Kaɗan ne suka san cewa mutumin da lissafin kuɗi ya ci abinci, rubutu kuwa aikin dare ne da ranakun hutu.

An haife shi ranar 10 ga Maris 1952 a Nasarawa ta yankin Lapai, ƙasar Nufe. Ya yi Kwalejin Gwamnati ta Keffi, ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya fito a 1974, sannan ya ƙaro digiri na biyu a Jami'ar Cincinnati ta Amurka. Sa'arsa ita ce lokacin da ya fito. A Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala ta ƙirƙiro Jihar Neja, kuma sabuwar jiha na neman duk wanda ya iya haɗa kasafi. Gimba bai cika shekara 40 ba ya kai babban sakatare, har da ma'aikatar kuɗi a cikin wuraren da ya riƙe.

Wanda bai taɓa zama a sakatariya ba ba zai gane nauyin wannan kujera ba. Kwamishina yana zuwa yana tafiya, gwamnan soja ma haka, amma fayil sai ya bi ta teburin babban sakatare. Masinja ya shigo da shi a hammata, an ɗaure da zare, ɗan kwangila na zaune a benci tun safe, wani babba kuma ya riga ya bugo waya. Layi biyu da mai kujerar zai rubuta su ne za su sa a biya ko a dakata. Kuma ma'aikatan zamanin duk suna tune da kakkaɓar 1975, lokacin da aka sallami dubban ma'aikata, wasu a rediyo suka ji labarin korarsu. Daga ranar aikin gwamnati ya daina zama inuwar da ake kwana a ciki hankali kwance, kowa ya fara tunanin abin da zai ajiye a gefe.

Wannan duniyar ce ta cika littattafansa. Innocent Victims na 1988 da Sunset for a Mandarin na 1991 labarin manyan ma'aikata ne masu son kamanta gaskiya a inda gaskiya ke jawo wa mutum tsangwama. Kalmar nan ta “mandarin” asalinta sunan manyan jami'an fadar sarakunan Sin ne, Turawan Ingila suka ara suna kiran manyan sakatarorinsu da ita. Marubutan Najeriya da yawa sun zagi cin hanci, amma daga ƙofar ofis suka hango shi. Gimba ya san yadda ake ɓatar da takarda, da yadda ake kafa kwamitin bincike bayan an gama yanke hukunci.

Daga aikin gwamnati ya koma banki, ya zama babban darakta a Union Bank da kuma UBA. Nan ma lokaci ya yi masa rana. Shirin SAP na Janar Babangida, na sake fasalin tattalin arziki, ya fara a 1986. Naira da a 1985 take gogayya da dala ta faɗi zuwa kusan naira 4 kan dala ɗaya, zuwa 1993 dala ta haura naira 20. Bankuna suka yi ta tsirowa, daga kusan 40 zuwa wajen 120, yawancinsu da cinikin canjin kuɗi suke rayuwa, har ta kai gwamnatin Abacha ta kafa kotunan bankunan da suka durƙushe a 1994. Guguwar da ta cika aljihun ma'aikatan banki ita ce ta karya harkar ɗab'i, domin takarda da tawada daga waje ake sayo su. Manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta, mai sabon labari ya rasa inda zai kai. A Kano marubutan Hausa suka shiga buga nasu da kuɗin aljihu suna kaiwa kasuwa. Gimba, da Turanci yake rubutu, littattafansa na farko sai a Inugu aka buga su. Albashinsa ya ba shi damar ci gaba da rubutu ba tare da jiran abin da littafi zai kawo ba, ya fitar da Sacred Apples a 1994 da Footprints a 1998.

A ganina kujerar ofis ta karɓi kuɗin hayarta. Rubutunsa na da ladabi fiye da kima, jarumansa kan tsaya su yi dogon jawabi kamar masu karanta rahoto, kuma nasiha kan danne labari. Mutum ne da ke gyara kayan gida cikin sanyin murya, don gobe ma da mutanen gidan zai zauna taro. Mai son zafin alƙalami irin na Ken Saro-Wiwa, marubuci ɗan gwagwarmayar Ogoni, zai ga kamar an rage wa miyar yaji.

Abin mamaki, kujerar shugabancin ANA da Saro-Wiwa ya taɓa riƙewa ce ta zo hannunsa. A 1997, shekara biyu da rataye Saro-Wiwa a Fatakwal, Abacha na kan mulki, aka zaɓi Gimba shugaban ANA bayan Odia Ofeimun. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya shugabanci ƙungiyar da Chinua Achebe ya kafa a 1981, ya riƙe ta har 2001. A Minna kuwa ya zama uba ga marubutan da suka taso a bayansa, irin su BM Dzukogi, har garin ya yi suna da tarukan adabi.

Ya rasu ranar 25 ga Fabrairu 2015, saura mako biyu ya cika shekara 63.