Fim ɗin Public Enemies da ainihin labarin John Dillinger: tambayoyi da amsoshi

Daga ina aka samo labarin wannan fim?

Daga littafin da ɗan jarida Bryan Burrough ya wallafa a 2004 mai wannan suna, bayan ya tona tsofaffin takardun hukumar FBI. Littafin ya bi diddigin gungun 'yan fashi da dama da suka addabi Amurka a 1933 da 1934, har da Bonnie da Clyde. Da Michael Mann ya zo shirya fim ɗin da ya fito a 2009, sai ya tsame mutum ɗaya, John Dillinger, ya ɗora komai a kansa. Johnny Depp ne ya fito a matsayinsa, Christian Bale kuma ya fito a matsayin Melvin Purvis, jami'in da ke farautarsa.

Me ya sa talakawa suka ƙaunaci ɗan fashi?

Saboda haushin banki. Bayan kasuwar hannun jari ta durƙushe a 1929, wahala ta kai inda a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi. Dubban bankuna suka rufe da ajiyar mutane, waɗanda suka rage kuma suna ƙwace gonaki da gidajen waɗanda suka kasa biyan bashi. Mutumin da aka raba da gonarsa ta gado, idan ya ji an fasa banki, ba zai ce wayyo ba. Ga Dillinger da iya ado da iya magana, jaridu kuwa suka samu abin sayarwa.

Da gaske ne ya tsere daga kurkuku da bindigar katako?

Haka labarin ya shahara, shi ma haka ya riƙa faɗa. A ranar 3 ga Maris 1934 ya fice daga gidan yarin Crown Point da ke jihar Indiana, wanda hukumomi ke taƙamar ba mai iya tsere masa, ya ɗauki motar shugabar 'yan sandan yankin ya shiga jihar Illinois. Nan ya jawo wa kansa, domin tsallaka iyakar jiha da motar sata laifi ne na tarayya. Wannan ya ba J. Edgar Hoover, shugaban hukumar binciken laifuka ta tarayya, damar sakin jami'ansa a kansa. Sai a 1935 ne ma hukumar ta samu sunan FBI.

A ina fim ɗin ya kauce wa tarihi?

Wajen wurare ya yi ƙoƙari ƙwarai: an ɗauki hoto a ainihin gidan yarin, da masaukin Little Bohemia na jihar Wisconsin, da gidan sinimar Biograph na Chicago. Wajen lokaci ne ya yi son ransa. Ya nuna an kashe ɗan fashi Pretty Boy Floyd tun farkon labari, alhali a Oktoban 1934 aka kashe shi, wata uku bayan Dillinger. Baby Face Nelson, abokin fashin Dillinger, shi ma bai mutu a daren da jami'ai suka kai musu farmaki a Little Bohemia ba, ya tsira har Nuwamba. Dalilin a fili yake, ana so jarumin ya zama shi ne na ƙarshe da ya rage.

Abin da ya fi damuna ba ranakun ba ne. A wancan dare na Afrilun 1934, jami'an gwamnati sun buɗe wa wata mota wuta, suka kashe wani ma'aikaci da ya zo cin abinci, babu ruwansa da fashi. An kuma tuhumi Dillinger da kashe ɗan sanda William O'Malley a fashin wani banki a watan Janairu, bai kai ga fuskantar shari'a ba. Waɗannan mutane suna da iyali. Mai kallo yakan fito yana tausayin soyayyar Dillinger da Billie Frechette, amma da wuya ya riƙe sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda aka binne.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Wata 'yar Romaniya mai suna Anna Sage ce ta tona shi, da fatan za a fasa korarta daga ƙasar. A daren 22 ga Yuli 1934 ya fito daga kallon fim a Biograph, jami'ai suka harbe shi a bakin lungu, yana da shekara 31, wata goma sha huɗu kacal da sakinsa daga ɗaurin kusan shekara tara. Ita kuwa Anna bai hana an tasa ƙeyarta gida a 1936 ba.