Naɗin DNA a Tantanin da Aka Mayar Asali: Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Shin mayar da tantanin fata zuwa tantanin asali, wato wanda zai iya zama kowane irin tantani na jiki, yana canza DNA ɗinsa?

A'a, kuma na gaji da faɗar haka. Rubutun DNA yana nan yadda yake, naɗinsa ne yake sauyawa.

Wane irin naɗi ke nan?

DNA na tantani guda ya kai kusan mita 2, shi ya sa yake naɗe a jikin furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin kwarkwaro. Inda naɗin ya yi tsauri, ƙwayoyin gado sukan yi shiru. Inda ya sassauta kuwa, sai a karanta su, su kama aiki.

Wa ya fara wannan aiki?

Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ne ya yi shi da ɓeraye a 2006, sannan da tantanin ɗan Adam a 2007, ta hanyar ƙwayoyin gado huɗu: Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc. Furotin na ukun farko suna iya kama DNA ko da yana naɗe tam, su fara buɗe shi.

Idan tantanin jini nake son samarwa, shin dole in fara daga jini?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama. Tantanin da aka mayar asali ba lallai ne ya manta da mafarinsa gaba ɗaya ba, domin wasu alamomin sinadari da ake kira metil, waɗanda ke rufe ƙwayoyin gado, sukan saura a kan DNA, har ma an lura cewa wanda aka samo daga jini yakan fi saurin komawa jini, musamman a farkon renonsa. Sai dai wannan tunawa takan ragu yayin da ake ci gaba da reno a ɗakin gwaji, kuma sau da yawa bambancin gado tsakanin mutanen da aka ɗebi tantaninsu yakan fi tasiri a kan na tushen tantanin. Saboda haka farawa daga jini na iya taimakawa, amma ba zan ce dole ba ne; ni dai na fi son a gwada zuriyoyin tantanin asali da dama a kwatanta su kafin a zaɓi guda.

Me ya sa yawancin tantanina ba su koma asali ba?

Ka kwantar da hankalinka, ba laifinka ba ne. Ta hanyar Yamanaka ta farko, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne suke kaiwa ƙarshe, saboda wasu sassan naɗin suna da taurin kai.

To, me zai hana a buɗe naɗin duka?

Wanda ya yi wannan tambaya bai karanta amsa ta biyu ba. Ƙwayoyin gadon da ke sa tantani ya zama na fata dole ne su rufu kafin ya zama na asali.