Jakar ciki da robar fitsari a inshorar Medicare ta Amurka

Jakar ciki ita ce ledar tara bayan gida ko fitsari da ake mannawa a fatar mutumin da aka yi wa tiyata aka ɓullo masa da hanji ko hanyar fitsari ta jikin ciki, saboda ciwon daji, ko kumburin hanji mai tsanani, ko rauni. Likitoci na kiran wannan ƙofa sitoma. Robar fitsari kuwa siririn bututu ne da ake zurawa cikin mafitsara a zubar da fitsari, kuma masu raunin laka na daga cikin waɗanda suka fi dogara da ita. Ƙungiyar UOAA ta masu sitoma ta ƙiyasta cewa Amurkawa 725,000 zuwa miliyan ɗaya ne ke rayuwa da irin wannan ƙofa.

Abin da inshora ke biya

Medicare, inshorar gwamnatin tarayya da aka kafa a 1965 don 'yan shekara 65 zuwa sama, daga baya aka haɗa da naƙasassu, tana ɗaukar waɗannan kaya a madadin gaɓar da ta daina aiki. Tana biyan kashi 80 cikin ɗari na farashin da ta tsayar, bayan majinyaci ya biya kasonsa na farkon shekara; sauran kashi 20 yana wuyansa. Akwai kuma ƙa'idar wata: jaka 20 idan mai buɗaɗɗen baki ce da ake juye ta, 60 idan rufaffiya ce da ake yarwa. Wanda yake buƙatar fiye da haka sai likita ya rubuta dalili.

Robar da ake sawa a cire tana da nata tarihin. Kafin 2008 guda huɗu kacal ake ba yawancin majinyata a wata, su wanke su sake amfani da ita, alhali mutum kan zura ta sau huɗu zuwa shida a yini. A 2008 aka ɗaga adadin zuwa 200, domin kowane zubarwa a yi shi da sabuwa.

Gasar tayin farashi

Dokar 2003 ta umarci hukumar CMS, mai kula da Medicare, ta riƙa sayen kayan jinya na gida ta hanyar gasa. Dillalai su kawo tayi, a fitar da farashi daga ciki, waɗanda suka ci kwangila su kaɗai ke da izinin sayarwa a yankin. An fara a yankuna 9 a Janairun 2011, aka ƙara 91 a Yulin 2013, kuma kuɗin keken guragu da na'urar iskar numfashi ya sauka sosai. Jakar ciki da robar fitsari ba su shiga ba a lokacin, ko da yake an taɓa jarraba kayan fitsari a ƙaramar hukumar Polk ta jihar Fulorida tun 1999.

A 2025 hukumar ta tsayar da shawarar shigar da su. Hujjarta tsadar kaya da zamba. Zambar ba ƙarama ba ce: a watan Yunin shekarar ma'aikatar shari'a ta gurfanar da wani gungu da ta ce ya nemi Medicare ta biya shi dala biliyan 10.6 kan robar fitsari da wasu kaya, da sunayen mutanen da aka sace bayanansu.

Inda gizo ke saƙar

Masu sitoma da ma'aikatan jinya sun yi tsaye kan magana ɗaya: keken guragu da jakar ciki ba ɗaya ba ne. Kowace ƙofa da siffarta. Wata ta fito waje, wata ta lotsa, wata tana cikin ninkin tumbi, kuma takan sauya idan mutum ya rame ko ya yi ƙiba. Gam ɗin da ya karɓi fatar wani sai ya saɓule ta wani. Shi ya sa kamfanoni irin su Coloplast da Hollister da Convatec ke ƙera nau'i masu yawan gaske, majinyaci kuma kan daɗe yana gwaji kafin ya dace da nasa. Jakar mai manne fata ma asalinta ke nan: wata nas 'yar Denmark, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro ta a 1954 saboda 'yar'uwarta da ta daina fita cikin mutane don tsoron yoyo.

Dillalin da ya ci kwangila da farashi mai rahusa, da wuya ya ajiye nau'i mai tsada a shagonsa. Jakar da ba ta zauna daidai ba tana yoyo, fata ta ƙone. Robar da ba ta da santsi tana iya jawo rauni da ƙwayoyin cuta a mafitsara, mutum ya ƙare a gadon asibiti, inda kwana ɗaya ya fi kuɗin kayan wata guda. Ƙa'idar gasar ta ce idan likita ya rubuta sunan wani nau'i don gudun cutarwa, dillali ya samo shi, ko ya taimaka a sami wanda yake da shi, ko ya koma wurin likitan a nemi madadi. Masu suka na cewa wannan hanya ta ƙarshe ita ce dillalai za su fi bi.

A Ingila kuwa, hukumar lafiya ta NHS tana ba da kayan ne da takardar likita daga jerin da gwamnati ta amince da shi, kuma mai sitoma ta dindindin ba ya biyan kuɗin takardar.