Mai jegon da aka yi wa aiki: rage zafin ɗinki a gida

'Yan'uwa mata na Aboabo, Asawase da Sabon Zongo, idan an ciro miki jariri ta tiyata a Komfo Anokye ko wani asibitin Kumasi, ki sha maganin da aka ba ki a kan lokaci. Amma akwai sauƙin da ke hannunki, ba a kwalba ba.

Tsoron motsi yana wahalar da mata. Sai mace ta kwanta sanƙame, iska ta cika hanji, ciki ya kumbura, ta ɗauka ɗinki ne ke ciwo. Shi ya sa nas take tayar da ke ki ɗan taka cikin awa 24 na farko. A gida ma ki riƙa zagaya tsakar gida a hankali, kina shan ruwa sosai. Tafiyar tana fitar da iskar, tana kuma kare ki daga daskarewar jini a ƙafa.

Tashi daga gado yana da dabara. Kada ki yunƙura kai tsaye. Ki lanƙwasa gwiwoyi, ki mirgina gefe, ki sauke ƙafafu, sannan ki dogara da hannu ki ɗago. In tari ko atishawa ta zo, ko masu barka sun ba ki dariya, ki danna matashin kai a kan ɗinkin. Wajen shayarwa ki kwanta ta gefe, ko ki riƙe yaro ta ƙarƙashin hammata, don kada ƙafarsa ta hauri wurin. Murɗawar da kike ji yana tsotso kuwa mahaifa ce ke komawa.

Iyayenmu masu wankan jego, sannunku da ɗawainiya, amma a yi haƙuri: wannan cikin ba na gashi ba ne. Ban da tawul mai zafi, ban da dannawa, ban da shafa kaɗanya a kan rauni. Ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa, a tsane wurin ya bushe. Ranar suna a bar ta ta zauna. Maigida, bokitin ruwa da hawan motar trotro zuwa kasuwar Kejetia naka ne. Har kusan mako 6 kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi.

Zazzaɓi, ruwa ko ɗoyi daga ɗinki, jini mai yawa, kumburin ƙafa ɗaya, ciwon kai mai tsanani: kada a jira ranar awo, a koma asibiti ranar.